Daɓen Tabkin Iya

Dogon Dutsi, farkon watan Yuli

Zuwa ga Yaya Na'omi,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Iya? Yaya damina? Rosine tana gaishe ku.

Na rubuto ne tunda kin daina ɗaga wayata. Na san ba laifin rezon waya ba ne, don matata ta kira ki kin ɗaga. Zan ba direban motar Dumega wannan takarda, ita dai ba a kashe ta.

Labari ya iske ni cewa tabkin gonar Iya ya cika da ruwan farko, kuma kafin kasuwa ta zagayo ya ƙafe ƙaf. Yaya, ki bari in faɗi yadda abin ya kasance. Kin tuna da bazara Iya ta zo nan don a cire mata yanar ido, likita ya ɗaga aikin saboda tansiyonta, wato jininta, ya hau, ta zauna wurinmu tana shan magani. Duk zaman nan ba ta da zance sai na tabki. Wai laka ta cike shi, wai yanzu ruwan ba ya kai ta ƙarshen rani, kabejinta da albasarta suna mutuwa tana gani. Sai na samu wani Illo mai tuƙa katafila, sun gama aiki wajen Guéchémé, na roƙe shi ya biya ta Kwarin Gawo ya ƙara wa tabkin zurfi. Na so Iya ta koma gida ta iske abin mamaki. Ke kuma ban gaya miki ba don na san bakinki ba ya riƙe magana, kuma kina can wajen jana'izar surukarki.

Na rantse alheri na nufa. Amma tun da na ji labarin nan ko a biro, wurin aikinmu, ba na iya komai, sai in zauna ina kallon takardu. Ban gane yadda rami mai zurfi zai kasa riƙe abin da marar zurfi ya riƙe shekara da shekaru ba. Ki gaya mini abin da kuka gani, ki kuma gaya mini abin da Iya ta ce, kada ki rage komai.

Ƙanenki,
Osée

*

Kwarin Gawo, ranar kasuwar Dumega

Auta,

Muna lafiya, yara suna gaishe ka. Ka gai da Rosine da ƴar ɗiyata Huguette.

Bakina ba ya riƙe magana, na ji na gode. Tabkin ma yanzu ba ya riƙe ruwa, ka ga mun zama biyu. Da ka gaya wa wannan bakin, da ya gaya wa Iya, da ba a yi gyaran gangar Abzinawa ba.

Ga abin da muka gani. Katafilar abokinka ta kankare laka, ta ci gaba har ta fasa wani ɓawo baƙi mai tauri da ke ƙasa, ta tara shi gefe kamar fasassun tukwane. Ƙarƙashinsa ba komai sai farin rairayi, ko kogi ka juye masa zai shanye ya nemi ƙari. Wannan ɓawon daɓe ne, Auta. Kai ba ka sani ba, ni ma sama-sama na sani. Lokacin da aka kawo Iya gidan Baba Zakariya, mahaifiyarta da ƴan'uwanta mata sun zo daga ƙauyensu na wajen Lugu don su daɓe ɗakin amarya, kamar yadda aka saba. Kakarmu ta ga kwarin nan na gona yana tara ruwa yana zubarwa, sai ta ce ba za su koma ba sai sun daɓe shi shi ma. Da madaɓi suka yi shi, da yumɓu da makubar ɗorawa, kamar tsakar ɗaki. Bayan nan ne su Baba suka shiga addinin Kirista, ƙafar dangin Iya ta ɗauke daga gidanmu.

Ka ce kada in rage komai. Da ruwan ya ƙafe na riƙe hannun Iya muka gangara. Ka san ido ɗaya gare ta tun da karan gero ya tsone ɗayan, shi ma mai ganin yanar ido ta rufe shi. Da hannu ta duba. Ta tsuguna tana shafa ɓaraguzan nan ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe. Can ta ce, "Wasu kwalla da tasoshi aka kai musu ɗaki. Ni uwata tabki tab ba ni." Na ce bari in kira ka in wanke ka tas. Ta ce, "Ki ƙyale shi. Auta alheri yay yi nuhi." Da zagi ta yi da na fi jin sauƙi.

Yanzu ga inda magana take. Iya ta ce in har damina ta wuce tabkin bai riƙe ruwa ba, to babu lambu, kuma ba za ta zauna ta zame mini kaya ba, za ta tattara ta koma wurinka. Ka kuwa ga yadda zaman birni ya yi mata da bazara, tana ɗaki kamar buhun da aka jingine. Tun rasuwar Baba kake nacin ta dawo Dogon Dutsi tana ƙi saboda lambun nan. Ban ce da gangan ka yi ba. Tambaya ɗaya nake yi maka, ka amsa wa kanka ko ba ka amsa mini ba: da ka ji tabkin ya ƙafe, baƙin ciki kaɗai ka ji?

Yayarka,
Na'omi

*

Dogon Dutsi, tsakiyar Yuli

Yaya Na'omi,

Ina gaishe ku duka, musamman Iya.

Na karanta takardarki a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Tambayarki ta same ni. Da labarin ya zo, kafin baƙin ciki ya iso, sai da wani abu a zuciyata ya ce, to yanzu dai za ta zo. Har na kalli ɗakin da ta zauna na fara tunanin inda za a sa mata panka. Ban ɗauki katafila da wannan niyya ba, Allah ne shaidata, amma na ji daɗin nan, kuma tun ranar nake jin kunyar kaina. Ranar Lahadi a majami'a ban iya buɗe baki na yi waƙa ba.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni na ja, Iya yake duka. Saboda haka ku bar mini gyaran. Na tambayi masu aikin gona a nan, sun ce hanya biyu ce. Ko a shimfiɗa babbar bashe ta roba a ƙasan tabkin a danne bakinta da duwatsu, ko a zuba siminti. Bashe ta fi sauri, zan iya samo ta cikin makon nan in kawo da kaina. Ki tambayi Iya wadda take so.

Sannan likita ya ba da randebu, tsakiyar watan Agusta za a yi aikin idon in tansiyon ya zauna. Ki tabbata tana shan ƙwayoyinta, kin san halinta na ɓoye su cikin ƙullin zane.

Ki ce mata ina neman gafara. Na ɗauki waya zan kira ta ya fi a ƙirga, in na tuna za ta ce ba komai sai in ajiye.

Naki,
Osée

*

Kwarin Gawo, ƙarshen Yuli

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Gero ya yi kyau bana, mun fara maimai.

Na ji amsarka, kuma na daina fushi, ko in ce na rage. Mutumin da ya faɗi abin kunyarsa da bakinsa ya rage wa mai zaginsa aiki.

Na kai wa Iya zancen bashe da siminti. Ni kaina bashe na so, don a huta. Ta ce awakin gari da kofatonsu za su mai da ita rariya kafin kaka, siminti kuma in rairayi ya motsa ƙarƙashinsa tsagewa zai yi. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba ban sani ba, na dai gane ba ta so. Ta ce yadda aka yi shi haka za a mai da shi. Na ce Iya, matan garin nan wa ya iya daɓe yanzu, kowa siminti yake zubawa a ɗaki? Sai ta ce in nemo mana kabu-kabu, za mu wajen yayarta.

Auta, ka taɓa ganin Inna Hindatu? Ni rabona da ita tun ina goye da ƴar tsana. Mun iske ta tana sussukar tsohon gero, tsohuwa ƙanƙanuwa, fuskar Iya sak. Ta dube mu ba ta ajiye taɓarya ba. Ta ce, "Sai da tabki yat tsage kit tuna hanyar gida?" Iya ta ce, "Sai da yat tsage." Shi ke nan abin da ta faɗa, tana tsaye cikin rana, ga ƙafafunta sun kumbura saboda tafiya. Ni na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Matar da ba ta taɓa roƙon ko gishiri a maƙwabta ba.

Inna ta bar mu tsaye har sai da ta ga dama, sannan ta jawo tabarma. Da aka sha ruwa ta ce, "Aikin uwarmu na, ba mu barin shi shi lalace. Amma ki sani, ba ni sa madaɓi ƙasa sai na zuba ma iskoki masu wurin gumba. Kada hwastonku shi zo shina yi mani wa'azi." Iya ta ce, "Ki zuba taki gumba, in yi tawa addu'a. Wurin da hwaɗi." Sai ga su suna dariya, har da hawaye. Ni dai ban san abin da zan gaya wa Fasto ba, na bar wa ranar.

Za su zo da zarar an gama maimai, ita da matan da suka rage masu sanin aikin, da makubar da suka ajiye tun bazara. Dole a gama kafin ruwan ƙarshe, in ba haka ba ko an daɓe babu abin da zai cika shi. Mu namu shi ne tara yumɓu daga fadama, da ƙasar suri, da kashin shanu. Maigidana ya ba da amalankensa. Kai kuma naka shinkafa da goro da sukari, masu gayya ba sa daɓe da yunwa.

Zan sa Iya a mota ranar da ka faɗa. Ka riƙe ta har ta warke.

Yayarka,
Na'omi

*

Dogon Dutsi, Agusta

Yaya Na'omi,

Ina gaishe ku. Wannan takarda Iya ce za ta miƙa miki da hannunta, kuma na san abin da za ki ce kafin ki buɗe.

An yi aiki, an kuma dace. Da aka cire bandeji ta dubi Huguette ta daɗe, ta ce ashe yarinyar nan wushiryar Baba gare ta, ba wanda ya gaya mata. Ta dube ni ta ce na yi furfura. Yaya, rabon da in ga Iya tana dariya haka na manta.

Likita ya yi kashedi da babbar murya. Kada ta duƙa, kada ta ɗauki abu mai nauyi, kada ƙura ko ruwa marar tsabta ya kusanci idon, kuma ta zauna nan har ya sake dubawa. A gabanta ya faɗa, ya maimaita da Hausa.

Jiya sai ga saƙo wai su Inna Hindatu sun taso. Iya ta ɗaure kayanta ta zauna bakin ƙofa. Na ce ba inda za ki. Rosine ta ce in kulle gida in ya kama. Iya ba ta yi gardama ba, ta ce, "Auta, ban taɓa roƙonka komi ba. Ni nak kira su. In sun zo ba su ishe ni ba, sun tahi ke nan har abada. Zamna kawai za ni yi, in gani da idona."

Da wani ɗa ne, wanda bai fasa mata tabki ba, da ya iya cewa a'a. Ni na buɗe baki na rasa da wace fuska zan hana ta. Na kawo ta tasha da kaina, na zaunar da ita gaban mota kusa da direba, nan nake rubuta miki wannan kafin mota ta tashi.

Ga maganin ɗigawa cikin jakarta, safe da rana da yamma, ki wanke hannu kafin ki ɗiga. Ga baƙin tabarau, kada ta cire. Ki ajiye ta nesa da ramin, inda iska ba ta kaɗo ƙura. Na sake ɗora miki kayan da ni na ɗaure, na sani. Da na samu konje, aka ba ni hutun aiki, zan taho.

Ƙanenki,
Osée

*

Kwarin Gawo, farkon Satumba

Auta,

Mun iso gida lafiya. Iya tana kwance, ta ci tuwo kaɗan.

A asibiti ka tambaye ni yadda aka yi, na ce sai daga baya, don ba na son in faɗa tana ji. Kai ma ka ji abin da likita ya ce, ƙwayar cuta ta riga ta cinye idon, an makara. To ga yadda aka makara.

Kwanakin farko ta cika alkawari. Na shimfiɗa mata tabarma gindin gawo, tana zaune da tabarau kamar matar gwamna, tana ba da umarni. Inna ta zuba gumbarta, Iya ta yi addu'arta, Fasto ya zo ya ga aikin ya koma ya turo mana matan zumunta. Ka so ka gani. Ana zuba yumɓu da ƙasar suri da kashin shanu, a tattake da ƙafa, a yayyafa ruwan makuba, sannan mata su jeru a durƙushe, madaɓi yana sauka tare kamar hannu ɗaya. In shimfiɗa ta sha iska a sake zuba wata a kanta. Hadari yana haɗuwa muna roƙon ya dakata, mu da muka saba roƙon ya sauko.

Ranar da aka kai tsakiyar ramin, Inna ta ɗauko wata waƙar daɓe, ta ce ta uwarsu ce. Ta yi baiti ɗaya ta manta na biyu. Sai muka ji shi daga gindin gawo. Kafin in juya Iya ta gangaro, ta karɓi madaɓi hannun wata yarinya ta durƙusa kusa da yayarta. Na ce Iya, likita fa. Ta ce, "Bugu ukku kawai." Tabarau yana zamewa saboda gumi, ta cire ta ba ni riƙo.

Na karɓa, Auta. Wannan nake so ka sani. Ina tsaye da tabarau a hannu ina kallon su biyu kafaɗa da kafaɗa, laka tana fantsama, ban taɓa ganin uwarmu da rai haka ba, sai na kasa. Har la'asar tana ciki. Washegari ma ta shiga.

Idon ya fara ciwo tun daren ranar da ta fara shiga ramin, ta ɓoye. In na zo ɗiga magani sai ta ce ta riga ta ɗiga. Ta san in na gani zan kwashe ta zuwa Dogon Dutsi kafin a gama. Sai ranar da aka yi shafen makuba na ƙarshe, su Inna suna ɗaure kaya, ta kira ni ta ce in zo in ja ta, ba ta ganin hanya.

Ka ce a tasha laifinka ne kai kaɗai. Kada ka yi rowa, ka rage mini nawa. Kai ka sa ta a mota, ni na riƙe tabarau.

Daɓen ya bushe, ya yi baƙi yana ƙyalli. Ruwa kuma tun ranar bai sake sauka ba. Inna Hindatu ta ƙi komawa, tana nan ɗakin Iya.

Yayarka,
Na'omi

*

Dogon Dutsi, ƙarshen Satumba

Yaya,

Ina gaishe ku. Na samu konje tun makon jiya, ban taho ba. Na je tasha har sau biyu na dawo. Ban san yadda zan tsaya gabanta ta juyo da fuska wajen muryata ba.

Kullum da yamma ina fita bayan gari in dubi wajenku ko akwai hadari. Shekaranjiya na ga walƙiya ta kudu. In ruwan nan bai zo ba, ko ya zo daɓen bai riƙe ba, to ta ba da idonta a banza ke nan, kuma za ta zo ta zauna a ɗakin nan da na yi wa tanadin panka. Na roƙi Allah shekara da shekaru ya kawo ta gidana. Yanzu ba abin da nake roƙo sai kada ya amsa.

Ki gaya mini gaskiya, ko wace iri ce.

Osée

*

Kwarin Gawo, bayan yankan gero

Auta ɗana,

Ni ta, uwarka. Na'omi ka rubutawa, kuma na ce ta sa magana yadda nih hwaɗe ta. Ina gaishe ka, ina gai da Rosine da mai wushirya.

Ruwa ya zo, guda biyu masu ƙarhi. Tabki ya cika. Yau an kwana biyu da ɗaukewar ruwa, an yanke gero, shina nan bai tahi ba. Kullum da sahe Hindatu na ja na har baki, in tuɓe takalmi in shiga. Ba ni zuwa birni. Ka ba baƙi ɗakin.

An ce mani ba ka cin abinci. Ka bari. Kai kab biya anka buɗe mani ido, da shi nig ga ɗiyarka, nig ga ƴar'uwata, nig ga daɓen ga tun daga hwarko har ƙarshe. Inda nik kashe shi ni niz zaɓa, ba kai ba, ba Na'omi ba.

Ka taho ran kasuwa. Ka zo da irin albasa da na kabeji, lokaci na wucewa. Kuma ina son ka tsaya bakin tabki ka hwaɗa mani daidai inda ruwan yak kai. Waɗanga biyu ƙara mani sukai don in ji daɗi. Kai ko ba ka iya ɓoye komi ba tun kana ƙarami.

Allah shi kawo ka lahiya.

Iya